Bamalli Ba Ya Lodin Katifa

A matsa, a ba da hanya, mai hula ya gyara mata zama. Ga Shugaban Sashen Igiya da Roba, Farfesan Ƙulli na ƙasar Suleja har gindin Zuma, mutumin da bai taɓa shiga ajin kwaleji ba ko don fakewa ruwan sama, amma ɗaliban da suka gama karatu ta dalilinsa sun isa cika bas biyu har da masu zama a kan inji. Sunansa Bamalli, mai lodi ne a ƙaramar tashar motocin Kaduna. In ka je ka ce kana neman Farfesa, kallon mahaukaci za a yi maka. Ka ce mai ɗingishin nan, sai a nuna maka shi da leɓe.

Mai wannan rubutu kuwa sunansa Lukuman, yana da teburin cajin waya a bakin tashar. Zai riƙa kiran kansa Lukuman kamar wani ne can daban, domin abin da Lukuman ya aikata a labarin nan ba irin wanda mutum ke cewa "ni" a kansa ba ne.

Bamalli haifaffen Bagama ne. Ya yi firamare, ya leƙa sakandare ya ga ba a raba tuwo a ciki, sai ya bi mota. Shekara goma sha ɗaya yana rataye a ƙofar bas tsakanin Suleja da Kaduna, har ranar da ya faɗo daga saman mota tare da buhun doya. Doyar ba ta ji komai ba, shi ne ƙugunsa ya goce. Da ya tashi daga jinya sai ƙungiya ta ba shi igiya ta ce ya zauna a tasha. Yau shekara ashirin da wani abu ke nan. Direbobi suna cewa in Bamalli ya ɗaure kaya, sai dai motar ta watse ta bar kayan a tsaye. An taɓa ganin ya haɗa firji da keken ɗinki da tunkiya mai ciki a saman bas ɗaya, aka isa Kaduna tunkiyar tana tuƙa abinta.

Abu ɗaya ne ba ya ɗorawa a mota: sabuwar katifa a tsakiyar zangon karatu.

Bayan tashar akwai wata kwalejin koyon aikin lafiya. Duk shekara iyaye kan sauke 'yan aji ɗaya a nan, da addu'a da garin kwaki. Sati shida ko bakwai, bayan an yi gwajin farko, sai wasu su fara sulalowa ɗaya bayan ɗaya. Bamalli ya san su tun daga nesa. Wanda zai je ya ga uwarsa ya dawo, 'yar jaka yake ratayowa. Wanda ya haɗo da bokiti, ransa ne ya ɓaci, zai huce. Amma wanda ya naɗo katifa ya yi sallama da boko ke nan, ko bai faɗa wa kowa ba. Katifar ɗan aji ɗaya kuma ba ta ɓuya. Ledarta na jikinta don uwa ta ce kar a cire, ga suna a gefe da manyan baƙaƙe, rubutun uba.

Bamalli ba ya wa'azi. Zai karɓi jaka ya saka a but, ya karɓi bokiti, sannan ya dubi katifar ya dubi saman motar da ba ko tsinke a kai, ya girgiza kai.

"Ba wuri."

"Baba, ga wuri can fili."

"Kai ne mai lodi ko ni? Ba wuri. Je ka ci tuwon gidanku, Litinin ka zo ka ɗauka."

Sai ya cilla ta saman rumfar ƙungiya, tsakanin katako da kwano. In yaro ya dawo Litinin, Bamalli zai ce bayansa na ciwo, ba ya iya hawa yanzu, kafin ciwon ya sake shi yaron ya tsallaka titi ya gaida Madam Abimbola mai kafe, wato shagon intanet. Ita Madam ta san shafin rajistar kwalejin nan fiye da kicin ɗinta, ta san malamin da ke amsa gaisuwa da wanda sai an bi ta hannun matarsa. Za ta zaunar da yaro a benci ta ce, "Oya, faɗa min, mene ya kore ka?" Sau da yawa abin bai taka kara ya karya ba. Wani takarda ɗaya ce ba a sa mata hannu ba, yana jin kunyar tambaya. Wani ya faɗi gwaji ɗaya ya ɗauka an kore shi. Wata kuwa ba wanda ya kira sunanta ne tun da ta zo. Bamalli kan ce abin da ke koro yaro daga makaranta bai kai nauyin katifarsa ba.

Direbobi sun yi gunaguni har sun gaji. Su dai sun san mutumin yana da dalili, kuma dalilin yana nan da ransa a Gauraka yana gyaran mota.

Kamaluddeen sunansa, ɗan Bamalli na fari, kuma na farko a zuriyarsu da ya taka babbar makaranta. Ranar da zai tafi, Bamalli da kansa ya shiga kasuwa ya zaɓo katifa, ya ba wani mai rubutun allon shago ya rubuta sunan a gefe, ya ɗaure ta a mota da ƙullin da har yau ake labarinsa. Sati bakwai sai ga yaro da katifa a saman mota. Ya ce yajin aiki ake yi. Bamalli bai tambayi kowa ba, ai yajin aiki ba baƙon abu ba ne. Shi ya kwance igiyar da hannunsa, yana ma kushe ɗaurin da aka yi mata a can. Da aka kai ta gida ya ga tana zaune a jingine ba aikin fari, ga ƙugunsa na damunsa, sai ya yage ledar ya shimfiɗa ta a ɗakinsa. Ya yi barcin da ya shekara goma bai yi irinsa ba.

Bayan sati biyu Kamaluddeen ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya.

"Baba, katifar nan tawa…"

"Kai, Allah ya yi wa katifar nan albarka," in ji Bamalli yana miƙa. "Bayana ya samu lafiya. Ka bar min ita mana har a janye yajin aikin."

Yaron ya ce to. Ya juya.

Sai bayan wata huɗu Bamalli ya ji a bakin wani fasinja cewa ba a yi yajin aiki a makarantar ba ko na yini ɗaya. Rajistar darussa ce ta rikice wa yaron, ya ga kowa ya iya shi kaɗai bai iya ba, ya gudo. Ranar da ya tsaya a bakin ƙofa, ƙarfin halin komawa ne ya tattaro, kuma a lokacin ba a rufe rajistar ba. Ɗan da aka yi wa tarbiyya ba ya cewa uba tashi daga kan shimfiɗa. Iyakar abin da bakinsa ya iya furtawa ke nan, uban kuma ya yi miƙa a kai.

Ba su taɓa yin faɗa ba, wannan ne ma ya fi ciwo. Kamaluddeen ya koyi kanikanci, ya yi aure, duk Juma'a yana zuwa gaisuwa da burodi a leda. Shekara tara kalmar katifa ba ta gifta tsakaninsu ba. Matar Bamalli ce ta taɓa faɗa wa mai abincin tasha cewa tun daga lokacin ya koma tabarma, da wannan ƙugun nasa, ta yi magana har ta bari.

Ba kowane yaro ke dawowa ba, kar a yi wa Farfesa ƙarya. A saman rumfar nan akwai katifu huɗu da suka zama 'yan gida. Ɗaya ta Lukuman ce. Shekara biyu da suka wuce aka tsayar da shi gaban aji ya yi bayanin yadda ake wanke rauni. Turancin da ya kwana yana haddacewa ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Aji ya fashe da dariya. Shi da ya saba ya yi wa mutane dariya tun yana firamare, ashe ba ya iya ɗaukar tasa. Washegari ya naɗo katifa, Bamalli ya ce ba wuri. Litinin ta zo, Lukuman bai tsallaka wurin Madam ba, bai kuma koma gidansu Jere ba, don bai san da wace fuska zai kalli tsohuwarsa ba. Ya samo tebur da soket goma sha biyu ya kafa a bakin tasha. Tun daga ranar yake tsokanar tsohon.

"Farfesa, yau ɗalibai nawa aka yaye?"

"Gyara wayarka tana jan ƙasa."

"Wallahi Baba, ka buɗe otal kawai, katifa ta samu."

Wata Alhamis da rana, an ɗauke ruwa ƙasa na tururi, keke napep ya sauke wata yarinya da jaka da bokiti da katifa mai leda. An rubuta Chizitere a gefe. 'Yar wani mai sayar da kayan gyaran mota ce a Kaduna, can aka haife ta, Hausa a bakinta kamar ta gada. Idonta ya yi ja. An liƙa sakamakon gwaji ba sunanta, wata 'yar aji biyu ta ce mata duk wanda bai ga sunansa ba an cire shi ne. Ba ta tambayi kowa ba bayan wannan.

Motar wani direba Romanus ce a kan layi. Bamalli ya saka jaka, ya saka bokiti.

"Ba wuri, 'yata."

"Baba don Allah, ni ba zan dawo garin nan ba."

"Allah ya huci zuciyarki. Amma ba wuri. Litinin."

Ya cilla katifar sama ya tafi alwala, an fara kiran Azahar. Yarinyar ta zo ta zauna a bencin Lukuman, ta miƙa wayarta a sa mata caji kafin mota ta cika, sai hawaye. Shi kuwa Lukuman ba ya iya ganin mace na kuka bai zama gwarzo ba.

"Sista, share hawayenki. Tsohon nan haka yake, wurin kwana yake tarawa don lahira. Kin ga waccan ta biyu daga hagu? Tawa ce. Shekara biyu, ga ni ban mutu ba."

"To ya zan yi? Babana ya saya da tsada."

"Ki bar wa injiniya."

Ya taka benci ya hau, ya sauko da ita, ya ɗora a saman bas ɗin Romanus, ya zagaya igiya sau biyu ya ƙulle. Romanus ya leƙo ta taga.

"Lukuman, Baba ya sani? Ni ba na son wahala fa."

"Shi ya aiko ni."

Fasinja na ƙarshe ya shiga. Yarinyar ta karɓi wayarta ta ce Allah ya saka da alheri, har da ɗan murmushi. Lukuman ya ɗaga mata hannu kamar wanda ya ceto jariri daga rijiya.

Bamalli ya dawo daga masallaci yana ɗingisawa, carbi a hannu. Bai dubi kowa ba sai saman rumfa. Ya daɗe yana kallon gurbin.

"Wa ya sauko da ita?"

"Ni ne, Baba. Ai kuka take yi."

"Kowa da kuka yake zuwa. Kai ma da shi ka zo." Ya mayar da carbin aljihu. "Wa ya ɗaure?"

"Ni."

"Nuna min."

Ya jefa masa guntun igiya. Lukuman ya ƙulla a jikin ƙafar tebur yadda ya yi a mota. Bamalli ya sa yatsa ɗaya ya ja, ƙullin ya zare kamar ba a taɓa yin sa ba.

"Ɗaurin mazagin wando," in ji shi a hankali. "A kan babban titi. Iska za ta shiga ƙarƙashinta, ta tashi ta rufe gilashin wanda ke bayansu. Kira Romanus."

Lukuman ya lalubo lambar ya kira. Wata tsohuwar waya da aka ɗaure da roba ta fara ruri a kan teburinsa, a soket na bakwai. Romanus ya manta da ita a caji. Lambar yarinyar kuwa, gwarzon bai ma karɓa ba.

Lukuman ya kashe kiran. Ga katifa za ta tashi a kan titi, ga yarinya ya tura ta gida da hannunsa, da bakin da ya ce mata ga shi bai mutu ba. Bai taɓa jin wannan maganar ta yi masa wari ba sai ranar.

Bamalli ya ciro wayarsa. Mutum ɗaya ne ya sani a bakin titi kafin mota ta ɗauki gudu sosai, kuma Romanus kan tsaya shan mai kafin ya hau babban titi, akwai 'yan mintuna. Ya nemo sunan ya tsaya yana kallonsa. Mutumin da ke ɗaga injin niƙa shi kaɗai, ga shi waya ta yi masa nauyi. Sannan ya danna.

"Kamalu. Lafiya lau. Kana gareji? Fito bakin titi yanzu. Bas ɗin Romanus na zuwa, ka tsayar da shi." Ya dubi saman rumfa. "Akwai katifa a sama. Ta 'yar makaranta ce."

Ba a ji abin da aka ce a can ba. Bamalli ya kashe wayar ya koma ya ci gaba da lodin buhunan citta kamar ba abin da ya faru. Bai zagi Lukuman ba. Lukuman ya yi ta addu'a a zage shi, ko a kwaɗa masa igiya, ba a yi ba. Mai abinci ta kawo masa shinkafa ya ce ya ƙoshi, abin da tasha ba ta taɓa ji ba.

Bayan La'asar sai ga mashin ya shigo, katifa naɗe a baya. Mai tuƙin dogo ne, rigarsa duk baƙin mai, goshin Bamalli sak. Ya kafe mashin ya durƙusa ya gaida uban.

"Saura ƙiris, Baba. Igiya ɗaya ce ta rage tana riƙe da ita."

"Yarinyar fa?"

"Ta wuce gida. Ta so a sake ɗaure mata."

"Me ka ce mata?"

"Abin da kuke cewa. Na ce ba wuri."

Bamalli ya sunkuya zai kwance katifar, sai hannunsa ya tsaya a kan ƙullin. Nasa ne, irin wanda yake yi, mai kunne ɗaya a ɓoye ta ƙasa. Bai taɓa koya wa yaron ba. Ya shafa shi da yatsa kamar mai duba ƙurji.

Kamaluddeen ya yi 'yar dariya yana kallon ƙasa. "Wannan dai a sa ta sama, Baba, kar bayanku ya gan ta."

Direbobi biyu suka fara dariya suka ga ba wanda ya taya su. Bamalli ya buɗe baki.

"Kamalu, waccan taka…"

"Ku bar ta, Baba. Ta daɗe da mutuwa." Ya tada mashin. "Inna ta ce har yanzu a tabarma kuke. Ku daina, ba ya ƙara min komai. Sai Juma'a."

Bamalli ya tsaya riƙe da katifar mutane har ƙarar mashin ta ɓace. Sannan ya miƙa wa Lukuman ba tare da ya dube shi ba. "Kai ka sauko da ita."

Lukuman ya hau ya mayar. A can sama ya yi ido huɗu da tasa, ƙura ta rufe sunan da babansa ya rubuta, saura harafi uku ake gani.

Juma'a, Asabar, Lahadi, bai tsokani kowa ba, har mai abinci ta tambaya ko zazzaɓi ne. Litinin tun da safe yake leƙa kowace motar Kaduna. Ya ba wani wayar wani, aka kusa dambe. Yarinya ba ta zo ba. Da yamma ya ce, "Baba, ba ta zo ba." Bamalli ya ce, "Na gani," ya naɗe igiyarsa.

Talata da hantsi ta sauko daga motar Romanus da 'yar jaka kawai. Ta ce katifarta ta zo ɗauka, babanta ya ce kar ta kuskura ta bar ta. Bamalli ya dafa ƙugu ya ce yau bayan ya tashi da ciwo, ta tsallaka ta gaida Madam tukuna. Ta yi tsaki ƙasa-ƙasa ta tsallaka. Lukuman bai ɗago kai ba, ya duƙufa yana gyaran soket ɗin da lafiyarsa ƙalau.

Minti arba'in aka yi. Madam Abimbola ta buga waya biyu, ta rufe kafe ta ja hannun yarinyar har cikin kwaleji. Ashe sunan yana nan, an saka shi a jerin wani sashe, kuma ta ci gwajin. Da rana keke ya zo ya ɗauki katifar, ya bi da ita ta hanyar da ta fito. Bamalli ne ya ɗaure. Da za ta wuce, yarinyar ta tsaya a teburin caji.

"Injiniya, ɗaurinka ya kusa kashe mu."

"Ai da gangan na yi, sista, dabara ce."

Ba ta yi dariya ba. "Kai yaushe za ka ɗauki taka?"

Lukuman ya duƙufa a kan soket ɗinsa har ta wuce.

Shi ya sa ya sayi littafin rubutu mai shafi arba'in, ya yi sati uku yana wannan aiki tsakanin cajin waya da cajin waya, don dai ya rage wani abu daga wuyansa. Da ya gama ya sami Bamalli a inuwar rumfa yana warware igiyar da ruwa ya jiƙa. Ya gyara murya ya karanta masa tun daga "A matsa, a ba da hanya", da Farfesan Ƙulli da gindin Zuma da tunkiya mai ciki, har ƙarshe. A wurin Kamaluddeen ya rage murya, hannun tsohon bai tsaya ba. Ya rufe littafin yana jiran ko da "madalla".

Bamalli ya sa haƙori ya ja wani ƙulli, ya tofar da zare.

"Ka gama? Taka ce ta biyu daga hagu, ɓera ya fara ta gefe. Madam na buɗewa ƙarfe takwas. Ɗaga ƙafarka, ka taka min igiya."